Faifan da Ya Riƙe Iyakar Gonar Yaya

Na fi shekara ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna a aji shida ya tsaya, maganar kuma ta kwamfuta ce, wadda mutane suke ganin sai mai digiri ne zai sa baki a cikinta. Sau uku ina cika shafi ina yagawa, don tsoron kada in faɗi abin da ba haka yake ba, wani ya karanta ya bi, ya yi asara, alhakin ya hau kaina. Amma na gaji da dariyar da ake mini a majalisa, kuma akwai tambayoyin da har yau ban sami mai amsa mini su ba. Saboda haka zan faɗi abin da na gani da idona. Inda ban sani ba zan ce ban sani ba.

Ƙauyenmu yana bakin fadama, gabas da Haɗeja. Shinkafa muke nomawa. Kowace damina kogi yakan hau gonakinmu, wata shekara a hankali, wata shekara da fushi. Idan ya janye yakan bar mana laka mai albarka, amma yakan tafi da iyaka. Kunyar da ta raba ka da maƙwabcinka ta baje, turakun da aka kafa sun bi ruwa, ciyawar kacala ta tsiro a inda da babu ita. Sai ka tsaya a tsakiyar gonar da ka gada ka rasa inda ta ƙare.

Mutum ɗaya ne yake raba mana wannan gardama, ƙanin mahaifinmu, wanda duk ƙauyen Baffa suke ce masa. Bai taɓa rubuta komai ba. Zai tsaya ya dubi goruba, ya dubi suri, ya ƙirga taku, ya caka sanda a laka ya ce nan ne. Idan aka haƙa sai a tarar da saiwar jema, ciyawar da kakanninmu suke dasawa a kan iyaka, ko wani tsohon dutse da aka binne tun ba a haife mu ba.

Shekarar da na ga ƙafafun Baffa sun fara kumbura, hankalina ya tashi. Ni mutum ne mai yawan damuwa, ban taɓa ɓoyewa ba. Idan na kulle ɗaki sai na dawo sau biyu na ja kwaɗon. Na riƙa tunani, ranar da babu Baffa wa zai caka sanda? Sai na fara bin sa da waya, ina ɗaukar hoton kowace iyaka ina naɗar muryarsa. Na kafa ƙa'ida ɗaya: ba na naɗa sai masu gonar biyu suna tsaye, kuma sai kowa ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda. Mutane suka riƙa ƙorafi, wai na cika ƙa'ida kamar alƙali, rana tana dukansu ina sa su maimaita magana. Na ƙyale su. Rani uku muna wannan aiki, a na huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Waya ba ta iya riƙe wannan kaya. Ƙanina da yake aiki a Kano ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, ya koya mini yadda ake juye abin da ke waya zuwa cikinta. Duk abin da na juye sai in goge daga waya don in sami wuri. Ta haka iyakokin ƙauye guda suka koma cikin abu ɗaya, wanda bai fi faranti girma ba.

A nan na yi kuskuren da sai irina ne zai yi shi. Na ƙi barin ta a gida. Ina tsoron ɓarawo, ina tsoron gobara, ina tsoron yoyon rufi. Na naɗe ta a bargo, na sa a buhu, na ɗaure a bayan babur. Da ita nake zuwa gona, da ita nake zuwa kasuwar Kafin Hausa, da ita nake shiga kwalekwale idan hanya ta yanke. A rana sai in tsaya sau biyar in buɗe ta in saurari muryar Baffa, don kawai in tabbata tana nan. Da na ji, sai in rufe in cusa a bargo da zafinta in hau babur, tun ba ta gama yin shiru ba.

Wata rana bayan ruwa ya fara janyewa, na buɗe ta a gindin tsamiya sai na ji wani sauti daga cikinta, ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza tana tsattsagar kwano. Muryar Baffa ta fito, ta tsaya, ta sake fitowa. Ban ƙarasa aikin ranar ba, na kama hanyar Haɗeja.

Mai gyaran da aka kwatanta mini yana da shago kusa da kasuwa. Magidanci ne, iyayensa daga wajen tafkin Chadi suka zo, ga ba'a a bakinsa. Da ya ga ina warware bargo sai ya riƙe baki.

"Malam, jaririya ka kawo mini ko kwamfuta?"

Ya kunna, ya kara kunnensa, ya yi maza ya kashe. Ya ce a cikinta akwai ma'ajiya da suke kira had-dis. Faifai ne yake juyawa da gudu, wata 'yar allura tana shawagi a samansa tana karatu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai silin gashi ba. Duk ramin da babur ya faɗa faifan bai gama tsayawa ba, allurar tana iya kartarsa. Zafin bargo kuma ya ƙara masa ciwo.

Na ce, "Wato ni na kashe ta?"

"Ba ta mutu ba tukuna, amma kakari take yi. So ne ya yi mata yawa."

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗora abu biyu a gabana. Ɗaya mai nauyi, irin wanda yake cikin tawa. Ɗayan kuma ba nauyi, kamar kwalin ashana da aka danne. Ya ce wannan shi ne es-es-di. Babu abin da yake motsi a cikinsa, ba ya tsoron rami, ba ya ƙara, ga sauri. Sai dai ya fi tsada, kuma da kuɗin da za ka sayi ƙaraminsa za ka sayi babban had-dis mai cin kaya ninkin-ba-ninkin. Ya ce in dai shi ne, mai shirun zai ɗauka, zamani ya wuce mai juyawa.

Na juya su a hannu, na ce, "Wanne ne ba ya mutuwa?"

Ya yi dariya har da buga tebur. "Wanda ba ya mutuwa ai Allah ne kaɗai, Malam."

"To, yaya kowannensu yake mutuwa?"

Sai ya daina dariya. Ya ce ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba. Mai juyawa sau da yawa yakan yi jinya, ya yi nishi, ya ba ka dama ka kwashe kayanka, kamar yadda nawa yake yi yanzu. Mai shiru kuwa yakan daɗe lafiya lau, amma ranar da zai tafi ba kasafai yake sallama ba. Jiya yana aiki, yau ka kunna babu kowa a gida, kuma ciro kaya daga cikinsa ya fi wuya.

Wannan magana ta dame ni. Ɗaya ba ya jure hanyarmu, ɗaya ba ya sallama. Na naɗe kwamfutata na ce zan yi shawara. Ya biyo ni har bakin ƙofa yana cewa, "Kada ka sake kunna ta, ko sau ɗaya. Kowace kunnawa kwana ɗaya ne daga ranta."

Mako biyu na yi ban kunna ba, ban kuma zaɓa ba. Wanda ya san halina ya san azabar da na sha. A cikin makonnin nan ne maganar gonar Yaya ta taso.

Yaya ita ce babbar 'yar mahaifiyarmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu da gona ɗaya. Gefen gonar na arewa ya ɗan yi kwari, shi ne yake riƙe danshi har rani, shi ne yake ba ta shinkafar da suke ci. Da laka ta bushe, maƙwabcinta na arewa ya ja sabuwar kunya, kwarin duk ya faɗa ɓangarensa. Ba na ce ɓarawo ne ba, Allah ne ya san zuciya, laka kuma tana ruɗa ido. Aka kai magana gaban Bulama, mai garinmu, ya ce a haɗu a gonar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kowa ya san shaidar Yaya ɗaya ce, tana cikin abin da yake kakari a ƙarƙashin gadona.

A majalisa kuwa abin nema ya samu.

"Ina Baffan ƙarfe? An ce shi ma ƙafarsa ta kumbura."

"Ai gajiya ya yi. Wa zai jure a riƙa tashinsa sau biyar a rana ana tambayarsa ko yana nan?"

Wani ya ce in kai kwamfutar wajen mai ɗori. Ƙanina ya bugo waya daga Kano ya ce in sayi es-es-di in huta, mai juyawa kayan da ne. Wani malamin makaranta ya ce a'a, mai juyawa ya fi amana. Duk wanda na tambaya sai ya ƙara mini ruɗani.

Ranar Talata Yaya ta shigo gidana da hantsi, ko zama ba ta yi ba.

"An ce har yanzu kana nan kana auna abu biyu a hannu."

Na fara yi mata bayanin allura da faifai. Ta ɗaga hannu.

"Ni ban san allura ba sai ta ɗinki. Kai tun kana yaro in aka ba ka mangwaro biyu ka zaɓa, sai sun ruɓe kana kallo. Wa ya ce maka dole ɗaya za ka ɗauka? Ka taɓa ganin Inna ta ajiye iri a tukunya ɗaya?"

Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, kashi uku take raba irin shinkafa. Ɗaya a tukunya a ɗaki. Ɗaya a gora, a rataye can saman rufi inda ruwa ba ya kai wa. Na uku takan aika da shi gidan 'yan uwanta a tudu, wajen Jahun. Kuma kowace kaka takan sabunta su duka, ba ta yarda iri ya kwana biyu a ajiye. Shekarar da ruwa ya rushe mana ɗaki, da na Jahun muka yi shuka. Ni da na tashi ina ganin haka, ni ne na tara iyakokin gari guda a tukunya ɗaya, na kuma goya ta a babur.

Washegari na ɗora buhunan shinkafar da na ajiye don salla a kan babur, kwamfutar kuma na ba matata ta riƙe a cinya a cikin adaidaita, na ce direban ya bi a hankali ko da za mu kai azahar. Na sayar da shinkafar, na shiga shagon na ce duka biyun nake so.

"Biyu? Malam, banki za ka buɗe a fadama?"

"Mai shiru a sa a cikin kwamfuta, shi zai riƙa hawa babur. Mai juyawa a sa masa gida da igiyar haɗawa da kwamfuta, zai zauna wuri ɗaya a tudu."

Ya ce wannan ɓarnar dukiya ce ga manomi, amma tunda na nace, to. Ya ciro tsohon faifan ya haɗa da tasa kwamfutar. Ya ce zai kwafe shi gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, haka ake yi.

Na ce, "Me ke farkon?"

"Kayan da suke tafiyar da kwamfutar. Naka suna can gaba."

"In ya mutu a hanya fa?"

"Sai haƙuri."

"A'a. Ka fara da muryar Baffa a gonar Yaya."

Ya buɗe ya duba, ya ga sunayen da na sa wa foldodina, wato jakunkunan da na rarraba muryoyin a ciki: shekarar da ruwa ya shiga masallaci, shekarar tsuntsaye, shekarar da Baffa ya fara dogara sanda. Ransa ya ɓaci. Ya ce yawo a cikin faifai mai ciwo ana neman abu ɗaya ƙara masa wahala ne, kuma shi ba zai zauna yana lalube a cikin wannan tatsuniya ba.

"Shekara nawa ina wannan aiki, yau manomi zai koya mini?"

Ni ba mai iya musu ba ne. Amma na ce masa, "Aikinka naka ne, ban raina shi ba. Faifan nawa ne, gonar kuma ta marayu ce. Ba sai ka laluba ba, na san inda yake kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Shekarar tsuntsaye, na goma sha ɗaya daga sama. In ba za ka fara da shi ba, cire mini abina."

Ya dube ni, ya dubi matata da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Hajiya, haka kike fama?" Ta ce, "Yau ma da sauƙi." Aka yi dariya, ya ja kujera ya ce in nuna masa.

Wani koren layi ya fito a fuskar kwamfutarsa yana rarrafe. Faifan yana ƙas, ƙas, layin ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa. Ban san sau nawa na karanta addu'o'in da na iya ba. Na Yaya ya haye. Na sa ya kunna daga sabon faifan na ji da kunnena har ƙarshe, sannan na ce a ci gaba. Gonakin gabas suka haye, na kudu da na arewa suka haye. Ana kiran la'asar, muna cikin shekarar da Baffa ya fara dogara sanda, inda gonakin yamma suke, sai ƙarar ta ɗauke. Mai gyara ya cire, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ajiye shi a tebur a hankali ya ce, "Ya cika."

Don kada in zalunce shi, zan faɗi wannan: daga baya wani ya ce mini hanyarsa ma tana da hujja, wai da kayan aikin da suka dace kwafe faifai a jere ya fi masa sauƙi, ƙila da an tsira da duka. Ƙila haka ne. Ƙila kuma da ya mutu tun ba a iso kan Yaya ba. Ban sani ba. Amma ko yau aka mayar da ni shagon nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Ranar Juma'a aka taru a gonar. Na ɗora kwamfutar a kan turmi na kunna. Muryar Baffa ta fito tar, har da tarinsa. Ya ce daga goruba a yi taku bakwai gabas, akwai rabin dutsen niƙa a binne, daga nan iyaka ta miƙe zuwa suri. Wasu mata suka fara share hawaye. Maƙwabcin ya ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ai abin da aka sa mata take faɗa." Bulama ya dube ni. Na ce a ɗan ƙara saurare. Sai ga muryar maƙwabcin da kansa tana cewa, "Na yarda, Baffa, haka ne. Kai kuma mai waya, ka sallame mu, rana ta yi, ko goro ba ka ba mu ba."

Har Bulama sai da ya dara. Aka ƙirga taku bakwai, aka sa fartanya. Ba a kai gwiwa ba aka ji ta bugi dutse.

Maƙwabcin ya ce wallahi laka ce ta ruɗe shi. Yaya ta gyara mayafi ta ce, "Lakar ma ta san inda shinkafa ta fi kyau." Aka rushe kunyar a ranar.

Yanzu mai shiru yana cikin kwamfuta, yana bin ramukan hanya bai taɓa ƙorafi ba, kuma na daina naɗe ta a bargo. Mai juyawa yana gidan kawunmu wajen Jahun, a cikin akwatin ƙarfe a saman kantar ɗaki, na hana kowa ko gusar da shi. Kowace kaka nakan je in juye masa sababbin iyakoki, in saurari tsofaffin. A majalisa sun ce na yi wa kwamfuta ɗakin ajiya a ƙasar waje. Su yi ta faɗa. Masu gonakin yamma kuwa wasunsu har yau suna ganin laifina, sun ce na fifita 'yar uwata. Na fifita ta, ban musa ba. Amma nasu yana damuna fiye da yadda suke zato, don kowace shekara ruwa yana zuwa, kuma babu mai caka sanda.

Mataccen faifan yana nan. 'Yan gwangwan sun taya, mai gyara ya ce in jefar, na ƙi. Muryar Baffa a kan gonakin yamma tana cikinsa, ko ba ta fitowa.

Saboda haka ina roƙon masu karatu abu uku. An ce mini akwai masu buɗe irin wannan faifai a ɗaki mai tsabta su ciro abin da ke ciki. Wanda ya san ko ana yin haka a Kano ko wani gari da talaka zai iya zuwa, ya taɓa kai nasa kuma ya dawo da kaya, ya sanar da ni. Na biyu, na ji an ce mai shiru idan ya daɗe a ajiye babu wuta, musamman a zafi irin namu, yakan fara mantuwa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wata nawa ko shekara nawa? Ba na son zato, wanda ya sani nake nema. Na uku, a shekarar da Baffa ya fara dogara sanda na tura wa wasu masu gonakin yamma nasu a waya, wasu sun sayar da wayoyin, wasu sun bayar. Duk wanda ya tsinci muryar wani tsoho mai tari yana ƙirga taku daga goruba a cikin wayar da ya saya a kasuwar Haɗeja ko Kafin Hausa, don Allah kada ya goge. Ya aiko da labari ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, zan zo da kaina in karɓa.